An maido ni aiki Abuja: shin Gwarinpa za ta dace da mai iyali?

Wani bawan Allah ma'aikacin gwamnati ya aiko mini da tambaya daga Katsina. An yi masa sauyin wurin aiki zuwa wata ma'aikata da ke tsakiyar birnin Abuja, yana da mata da yara uku, kuma abokai sun ce masa ya nemi gida a Gwarinpa. Yana so ya san wace irin unguwa ce, ko za ta dace da mai iyali, da abin da ya kamata ya kula da shi kafin ya ba da kuɗin haya, ko kuma nan gaba idan Allah ya hore masa ya saya.

Malam, Allah ya sanya alheri a wannan sauyi. Na yi shekaru ina aikin kimanta gidaje da filaye a Abuja, kuma kaso mai yawa na aikin a wannan yanki na yi shi. Abin da zan fara faɗa maka shi ne, idan dillali ya ce yana da gida a Gwarinpa, bai gaya maka komai ba tukuna. Sunan yanzu ya zama kamar babbar riga, kowa na son ya shige ciki. Akwai ainihin rukunin gidajen da gwamnatin tarayya ta gina, akwai ƙananan rukunai masu katanga da ƙofa da 'yan kasuwa suka gina daga baya, akwai tsohon ƙauyen 'yan asalin wurin, sannan akwai unguwannin maƙwabta irin su Dawaki da Karsana da ake liƙa musu sunan domin kuɗin haya ya ɗaga. Rayuwa a waɗannan wurare huɗu ba iri ɗaya ba ce, takardunsu ma ba iri ɗaya ba ne.

Bari in ɗan koma baya, domin tarihin ginin unguwar shi ne ke bayyana kusan duk daɗinta da matsalarta. A watan Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya, aka kammala taswirar birnin a 1979, sannan gwamnati ta tare a hukumance ranar 12 ga Disamba, 1991. Taswirar ta raba ginin birnin zango-zango. Zango na farko shi ne tsakiyar gari da Garki da Wuse da Maitama da Asokoro. Na biyu ya ƙunshi irin su Jabi da Utako da Kado da Jahi da Mabushi. Gwarinpa tana zango na uku. Ka ga ke nan bisa tsari ba ta kamata ta cika da mutane kafin na biyu ya kammala ba. Amma da ma'aikatu suka kwaso daga Legas, sai aka rasa inda za a zuba ma'aikata. A zamanin Janar Sani Abacha, wanda ya yi mulki daga 1993 zuwa 1998, aka ba Hukumar Gidaje ta Tarayya, wato FHA, wani makeken fili da ya haura hekta 1,000, aka raba wa 'yan kwangila daban-daban suka shiga gini. Shi ya sa har gobe ake kiranta rukunin gidaje mafi girma a Najeriya, wasu ma su ce a Afirka ta Yamma.

Wannan tsallake da aka yi ya bar tabo biyu. Na farko, unguwa ta cika tun kafin hanyoyin da za su haɗa ta da gari su kammala. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci ga mai saye, ƙasar ta zama tana da iyayen gida biyu: FHA da ta gina ta raba, da kuma hukumomin Babban Birnin Tarayya da ke da iko da duk ƙasar Abuja. Zan dawo kan wannan.

Tsarin titunan yana da sauƙin ganewa idan an nuna maka sau ɗaya. Akwai manyan tituna bakwai, daga 1st Avenue zuwa 7th Avenue, ƙananan layuka kuma suna ɗaukar lambar babban titin da suka fita daga jikinsa. Idan aka ce maka 21 Road, ka san wajen 2nd Avenue ne. Idan aka ce 69 Road, ka nufi 6th Avenue. Duk wanda ya san Festac a Legas zai ga kamannin, domin hukuma ɗaya ce ta gina su. An sa wa titunan sunayen mutane daga baya, amma direban keke da mai kawo saƙo da lambar suke aiki. Akwai kuma sunayen da baki ya saba da su, irin su Galadima da Charly Boy da Setraco da Tipper Garage da Works and Housing da War College. Da waɗannan ake kwatance, ka riƙe su tun makon farko.

Ta arewa babbar hanyar Kubwa ce ta yi mata iyaka, wadda sunanta na hukuma titin Murtala Mohammed. Da ka tsallaka ta ka shiga Dawaki, a gindin duwatsu. Kado da Jahi suna ɓangaren gari, Life Camp tana kudu, Karsana tana yamma, sai Kubwa da Dutsen Alhaji can gaba. Dawaki unguwa ce mai kyau a wurare da yawa, kuma hayarta ta fi sauƙi, amma ba Gwarinpa ba ce, kuma layukanta da dama har yanzu na ƙasa ne. Ka je ka gan su a watan Agusta kafin ka yanke shawara.

Tun da a tsakiyar gari za ka yi aiki, batun hanya ya shafe ka kullum. Mafita uku mutane suka fi bi. Ko ka hau babbar hanyar Kubwa ka sauka ta Katampe ko Maitama, ko ka bi titin Ahmadu Bello ta Kado ka ɓulla Banex da Wuse 2, ko ka ratsa Life Camp ka fito Jabi. Ranar Lahadi da hantsi minti 20 ya ishe ka ka kai sakatariyar tarayya. Ranar Litinin da ƙarfe bakwai da rabi lissafin ya sauya, domin ba ku kaɗai ne a hanyar ba: duk wanda ya kwana a Kubwa da Bwari da Dei-Dei da Zuba, har da masu zuwa daga Suleja da Madalla a jihar Neja, nan yake bi. Sau da yawa ma ba a babbar hanyar ake shan wahala ba, a bakin fita daga unguwar ne, inda motocin layuka da dama ke taruwa a ƙofa ɗaya. Saboda haka gida biyu masu kuɗin haya ɗaya na iya bambanta da rabin awa a kowace safiya, don kawai ɗaya yana kusa da mafita, ɗayan yana can ƙurya. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan tazara ta zama kuɗi tsagwaronsa. Idan ba ka da mota, keke mai ƙafa uku yana zirga-zirga a cikin unguwar, shi zai kai ka bakin titi ka shiga tasi ko motar haya. Ina roƙonka da ka riƙa shiga mota a tasha ko inda aka san direbobin, musamman da magariba, saboda ɓarayin nan da ke shigar masu tasi suna yi wa fasinja fashi, waɗanda mutanen Abuja ke kira wan-cans. Jirgin ƙasa bai ratsa Gwarinpa ba, amma tashar Kubwa ta jirgin Abuja zuwa Kaduna ba ta da nisa, kuma babbar hanyar ita ce ke kai ka Zuba ka kama hanyar gida. Ga ɗan Arewa maso Yamma wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Wanda ke Karu sai ya ratsa gari kafin ya kama hanya.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, kuma shi ne dalilin da ya sa nake cewa a zaɓi layi, kada a zaɓi suna. An zana Gwarinpa a matsayin wurin kwana, da 'yan wuraren da aka keɓe wa shaguna da makarantu da filayen shaƙatawa. Da jama'a suka yi yawa, kasuwa ta biyo su. Masu gidajen da ke bakin manyan tituna suka ga banki ko kanti ko otal zai biya su ninkin abin da mai iyali zai biya, sai aka shiga rushe katanga ana mai da falo shago. Yau 1st Avenue da 3rd Avenue sun zama titunan kasuwanci sosai: bankuna, manyan kantuna, asibitoci masu zaman kansu, gidajen abinci, wuraren gasa kifi da tsire, da kuma mashaya da gidajen rawa da ba sa tashi sai tsakar dare. Ta wata fuskar wannan alheri ne, domin uwargida za ta yi wata guda ba ta shiga gari neman komai ba. Amma magudanar ruwa da wayar wuta da faɗin titi duk an auna su ne da gidan mutum shida ko takwas, ba da bene mai shago talatin ba. Wurin ajiye mota babu, sai a jera a kan titi. Taransifoma ta yi ta ƙonewa. Filayen da aka bari don iska da wasan yara, da yawansu an gine su. A watan Fabrairun 2023 wani bene da ake kan ginawa a unguwar ya rufta da ma'aikata, aka yi asarar rayuka, kuma abin da ya biyo baya shi ne muhawara kan wace hukuma ce ke da alhakin sa ido a kan gini a wurin. Wannan muhawara ta daɗe, kuma mazauna ne ke ɗaukar nauyinta.

Na taɓa raka wani magidanci duba gida a bayan ɗaya daga cikin waɗannan tituna. Mun je da azahar, wuri tsit, ga bishiyoyi, ga tsakar gida mai faɗi. Na ce masa mu dawo da dare kafin ya biya, amma dillali ya matsa masa cewa akwai wani da ke hanya da kuɗi a hannu. Ya biya. Ashe katangarsa ta baya ita ce ta wani wurin shaƙatawa. Yaransa ba su ƙara samun barcin kirki daga Alhamis zuwa Lahadi ba, shi kuma yana fita sallar Asuba yana tarar da motocin baƙi sun tare masa ƙofa. Shekara guda ya daure ya tashi, ya sake biyan la'ada da kuɗin lauya a wani wurin. Tun daga ranar ba na barin wanda ya nemi shawarata ya biya sai ya ziyarci gidan sau uku: safiyar ranar aiki don ya ga cunkoso, daren Juma'a ko Asabar bayan ƙarfe goma don ya ji da kunnensa, da kuma bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi idan damina ce. Gani ya kori ji.

Gidajen kansu iri-iri ne. Na asali da FHA ta gina akwai masu hawa ɗaya, akwai jerin gidaje masu haɗe da juna, akwai benaye masu zaman kansu, akwai kuma dogayen benaye da aka raba sassa-sassa. Suna da fili da ɗakuna masu faɗi, amma sun haura shekara 25, don haka ka duba rufi da bututun ruwa da wayoyin wuta da kyau. Fenti sabo yana ɓoye abubuwa da yawa. Sababbin rukunai masu ƙofa sun fi ƙyalli, sun fi tsaro, amma ɗakunansu sun fi matsi, kuma akwai kuɗin hidima na shekara-shekara na masu gadi da shara da fitilun titi, wani wurin har da man janareta. Ka tambayi adadinsa a rubuce tun kafin ka sa hannu, ka kuma tambayi wani mazaunin sau nawa aka ƙara shi a shekara biyun da suka wuce. Akwai kuma ɗakunan baya da ake kira boskwata, waɗanda samari da sababbin ma'aurata ke kamawa. Ga mai yara uku ba za su yi ba. A jeren tsada, Gwarinpa tana ƙasa da Maitama da Asokoro da Wuse 2, tana sama da Kubwa da Dutse da Lugbe. A al'adar Abuja haya ta shekara ake biya gaba ɗaya, a ɗora la'adar dillali, wadda yawanci kashi 10 cikin 100 ce, da kuɗin lauya, da kuɗin ajiya na ɓarnar da ka iya faruwa. Idan ka haɗa, abin da zai fita daga aljihunka a shekarar farko ya kan zarce kuɗin hayar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ka yi kasafinka a kan wannan jimla. Kuma kada ka tura kuɗi asusun dillali; ka ga mai gida ko lauyansa ido da ido, ka karɓi rasit da yarjejeniya.

Ruwan famfo na Abuja daga madatsar Usuma yake zuwa, can wajen Ushafa a yankin Bwari, kuma tsofaffin sassan Gwarinpa suna kan bututun hukumar ruwa. Wannan babbar gata ce da unguwanni da yawa ba su da ita. Sai dai ba kowane layi ruwan ke isa da ƙarfi ba, sababbin wurare kuma galibi rijiyar burtsatse suka dogara da ita. Ƙasar yankin dutse ce, rijiyar da ke ambaliya a watan Satumba tana iya yin ƙasa a Maris. Hanya mafi sauƙi ta gane gaskiya ita ce ka duba ko 'yan ga-ruwa suna yawan kai-komo da kurarsu a layin. Idan suna yi, ka san amsar. Game da wuta, ka tabbata gidan yana da mita mai kati tasa shi kaɗai, ba wadda ake rabawa da maƙwabci ba, kuma babu tsohon bashi a kanta. Ka tambayi rukunin samun wuta da kamfanin lantarki ya sa layin a ciki. Tun watan Afrilun 2024 masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alƙawarin wutar awa 20 a rana, suke biyan sama da naira 200 a kan kowane yunit, ninki uku na abin da suke biya a da. Gidan da ke da na'urar sanyaya ɗaki biyu da injin tura ruwa zai ji a jikinsa.

Ta fuskar tarbiyya da addini ba za ka yi maraici ba. Akwai masallatan Juma'a da na khamsu salawati, akwai Islamiyyu, akwai makarantun boko na gwamnati da na kuɗi masu yawa, wasunsu suna haɗa boko da haddar Alƙur'ani. Ka fara samun makarantar yara, sannan ka nemi gida kusa da ita, domin kai yara daga wannan ƙarshen unguwa zuwa wancan da safe tafiya ce mai zaman kanta. Babban asibitin gwamnati mai ɗauke da sunan Gwarinpa a Life Camp yake, kada sunan ya ruɗe ka ranar da ake gaggawa. Kasuwar kifi ta Kado tana kusa, kayan gini kuma sai Dei-Dei. Maƙwabtanka za su kasance daga kowane lungu na Najeriya, Musulmi da Kirista, kuma zaman ya fi kama da kowa-tasa-ta-fisshe-shi idan ka gwada da Katsina. Ka shirya wa uwargida wannan tun yanzu, domin kaɗaicin watannin farko ya fi damun mata da ke wuni a gida. Masallacin layi da ƙungiyar mazauna su ne ƙofar sabo da mutane.

Tsaro a cikin unguwar ya fi na gefen gari. Yawancin layuka suna da ƙofa da masu gadi da mazauna ke biya, kuma abin da aka fi kuka da shi shi ne fasa gida da rana idan kowa ya fita, da satar kayan mota, da ƙwacen waya. Satar mutane da ta tayar da hankali a farkon 2024 ta fi shafar yankin Bwari da unguwannin da ke jingine da duwatsu da daji. Shi ya sa idan araha ta ja ka zuwa gidan ƙarshe a gindin dutse, ka tsaya ka yi tunani sau biyu.

Kada in manta da masu wurin. Kafin a zana ko layi ɗaya, Gbagyi ne ke noma wannan ƙasa, kuma ƙauyensu yana nan a cikin unguwar, gine-gine sun kewaye shi. Mu Hausawa mun saba ce musu Gwari, amma sunan da suke kiran kansu da shi Gbagyi, kuma ya kyautu a kira mutum da sunan da yake so. Gonakinsu ne suka zama waɗannan tituna, batun diyya da sake matsuguni kuma har yau bai gama warwaruwa a Abuja ba. A ƙauyen ne masu gadi da direbobi da masu wanki da guga da 'yan ga-ruwa, waɗanda da yawansu 'yan uwanmu ne daga Arewa, suke samun ɗakin da za su iya biya. Haya a can tana da sauƙi. Saye kuwa ban ba ka shawara ba ko kaɗan, domin takardar da mai unguwa ko wani dattijo zai rubuta maka ba ta da ƙarfi a gaban hukuma ranar da motar rusau ta iso.

Wannan ya kawo mu kan batun saye. A Abuja ƙasa duka ta gwamnatin tarayya ce, kuma Ministan Babban Birnin Tarayya ne ke ba da ita a madadin Shugaban Ƙasa, bisa wa'adin da yawanci shekara 99 ne. Ƙaramar hukuma ba ta da hurumin ba ka fili a cikin birni, sarki ma ba shi da shi. A Gwarinpa za ka ci karo da takardu iri uku. Akwai takardar rabo ta FHA, wadda sai ka je ofishin hukumar a Asokoro a binciko fayil ɗin gidan, a ga ko an gama biyan kuɗinsa, ko sunan mai sayarwa ne a ciki, sannan a nemi amincewarta kafin a sauya suna. Akwai takardar shaidar mallaka da ake kira C of O, wadda ake bincikenta a AGIS, ofishin da aka kafa zamanin Malam Nasir el-Rufai yana minista tsakanin 2003 da 2007 domin tattara bayanan filaye a kwamfuta. Sai kuma takardar da kamfanin gine-gine ke ba wanda ya sayi gida a rukuninsa, alhali babbar takardar filin gaba ɗaya tana hannun kamfanin. Wannan ta ukun ita ce ta fi buƙatar lauya mai ido, domin idan kamfanin ya jinginar da babbar takardar a banki, ko bai cika sharuɗɗan da aka ba shi filin a kansu ba, gidanka na cikin abin da za a taɓa ko da ka biya kuɗinka cas.

Gidaje da yawa a nan sun sauya hannu sau uku ko huɗu tun bayan da gwamnatin Obasanjo ta sayar wa ma'aikata gidajen gwamnati a tsakiyar shekarun 2000, kuma ba kowane ciniki aka kai ofis aka yi wa rajista ba. Sai ka tarar sunan da ke fayil na mutumin farko ne, wanda wataƙila ya rasu, magada kuma ba su san an sayar ba. Ka sa lauyanka ya bi sarƙar daga mai gidan farko har zuwa wanda ke gabanka, kowace gaɓa da takardarta. Ka nemi rasit na harajin ƙasa na shekara-shekara, domin hukumar birnin ta ƙwace filaye masu yawa a 2025 saboda bashin wannan haraji. Ka kuma gwada ginin da ke tsaye da zanen da aka amince da shi: idan an ƙara ɗakuna a baya, ko an ci gefen titi, ko an hau kan hanyar ruwa, ko gidan yana ƙarƙashin babbar wayar wuta, kai za a liƙa wa jan fentin alamar rusau, ba wanda ya sayar maka ba.

Idan ni ne kai, da albashin ma'aikaci da yara uku, zan zo ni kaɗai tukuna in sauka wurin ɗan'uwa ko abokin aiki na wata ɗaya ko biyu. In nemi gida mai ɗaki uku a tsofaffin sassan FHA, layi biyu ko uku daga babban titi, inda ruwan famfo ke zuwa kuma masallaci da makaranta ke kusa, in ɗauki hayar shekara guda kawai. Idan kuɗin bai kai ba, zan gwammace gida mai kyau a Kubwa kusa da babbar hanya a kan matsattsen wuri da aka kira Gwarinpa don suna. Maganar saye kuma a bar ta sai ka ga damina ɗaya da rani ɗaya a layin da kake so.